Lambar Barau

A rumfar ƙungiyar manoma ta Auyo
na shigar da Barau Ɗan'iya cikin na'ura,
ta raɗa masa lamba a ɓoye
ba ta gaya mini ba.

Ga teburin gonaki yana jira:
kadada biyu, shinkafa, bakin fadama.
Shi ba ya jin suna, sai lamba.

Bara na yi wauta.
Na ce mata, ba ni mafi girma.
Ashe a wannan ƙiftawar ido
Ladidi a Kafin Hausa ta shigar da manominta,
lambarsa na ɗauko na liƙa wa gonar Barau.
Buhun taki huɗu suka bi wata hanya.
Barau ya zo, hula a hannu,
bai yi faɗa ba.
Da ma ya yi.

Yanzu ba ruwana da wanda ya fi tsawo a layi.
Wadda hannuna ya jawo,
a wannan zaman, kafin in tashi,
ita nake tambaya.

Ɗari bakwai da sha tara.
Na ɗaure gonarsa a jikinta
kamar akuya a turke,
na ce, Barau, je ka,
hadari ya haɗo gabas.