Taga ta Goma Sha Ɗaya

Ran Juma'a yara suka tafi dogon hutu,
ran Litinin aka miƙo mini makullai.
Mako shida gare ni, taga arba'in da biyu,
da ruwan saman Brechin wanda ba ya jin roƙo.

Ginin jan dutse ne, ya girmi kakata.
Bisa wata ƙofa an sassaƙa "Maza",
bisa ɗayar an sassaƙa "Mata".
Yau kowa ta inda ya so yake shiga,
dutsen ne kaɗai labari bai kai masa ba.

Tagogin nan ba a tura su waje,
sama suke yi, su sauko.
Igiya ce da curin ƙarfe a ɓoye cikin katako
suke rage wa ɗan shekara bakwai nauyin gilashi.
In igiyar ta tsinke, sai ka ji dum! a cikin bango,
malama ta tokare tagar da littafin lissafi
har shekara ta zagayo.

Da tsinin wuƙa nake gaisawa da kowace.
In wuƙa ta ƙi shiga, na yi gaba.
In ta nutse kamar a dafaffen dankali,
na sauke jaka, nan zan wuni.

Mista Ogilvie na ƙaramar hukuma ya zo da takarda:
a fid da su duka, a sa na roba, an huta.
Na miƙa masa guntun da na yanko,
na ce, sansana.
Shekara ɗari da talatin, ƙanshin ƙaro bai bar shi ba.
Ya sansana, ya yi atishawa,
ya tafi da takardarsa a hammata.

A taga ta goma sha ɗaya raina ya ɓaci.
Wani ya riga ni, ya yi aikin ganin ido:
ƙusa uku sun ci tsatsa,
rami an cusa masa jarida,
an shafe da fenti mai kauri
kamar mai rufe gyambo da riga.
Rima ta bi ta ƙasa ta ci rabonta.
Na ce, wane rago ne wannan?
Wa ya ba shi guduma?
Na zage shi tas, har da wanda ya koya masa.

Ailsa, yarinyar da nake koya wa aiki,
ta zura tocila a ramin ƙarfen.
Ta yi shiru. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

Rubutu biyu ne da fensir.
Na sama: Dakers, Afrilu 1893, ana ruwa.
Na ƙasa, da hannun mai gaggawa:
Ewan Guthrie, 1991.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ni ne.
Shekarata goma sha tara, yammacin Juma'a,
motar Montrose za ta tashi ƙarfe biyar,
akwai wadda ta ce za ta jira ni a bakin teku.
Ba ta ma zo ba.

Kwana biyu na ba tagar nan.
Na yanke ruɓa har na iske lafiya,
na fere sabon katako ya shiga jikin tsoho
yadda gashin kai ba zai ratsa tsakani ba.
Sabuwar igiya, man linzami a ƙafar gargare,
na goge gilashin nan mai ɗan lanƙwasa
wanda ke sa hasumiyar coci rawa in ka gifta.

Ban goge sunana ba. Na so in goge.
Dakers ya zauna da shi shekara talatin da wani abu
bai kai ƙara ba.

Na miƙa wa Ailsa fensir.
Ta ce, sai na gwada tukuna.
Ta sa ɗan yatsa guda a ƙasan tagar,
ta ɗaga.
Iska ta shigo ta kaɗa zanen kifin da wani yaro ya manta a bango.
Ta sauke, ta sake ɗagawa,
sannan ta karɓi fensirin,
ta leƙa waje ta ga ko ana ruwa.