Giwar Teku a Tafin Hannuna

Saƙon Shafa'atu ya shigo bayan la'asar,
ina tsakar zuba wa awaki harawa a Bagalam.
"Baba, yau an kai mu gandun bakin teku.
Zauna kafin ka buɗe."

Ban zauna ba.
Na goge hannu a riga, na danna.

Rairayi ne, irin na Gulbi da bazara,
an zube buhuna a kansa, ɗaruruwa,
kamar an sauke gyaɗa daga babbar mota
ƴan dako suka tafi salla.
Can sai buhu guda ya ɗaga kai, ya yi hamma.

Ta ce giwar teku ke nan, lokacin haihuwarsu ne.
Na ce ni dai giwan ruwa na sani,
shi ma a cikin mai, da yaji.

Namijin, hancinsa tsohuwar salka,
rurinsa injin ban ruwa na Jiratawa
ranar da ya ƙi tashi.
Biyu suka miƙe, ƙirji da ƙirji,
ba ƙaho, ba ƙafa, ba mai rabo,
wuya duk tabon bara da jinin bana.
Jan bunsuruna ya bar tauna, ya kasa kunne.

Mati mahauci ya leƙo ta kafaɗata.
"Wannan ko sati na yi ina fawa ba ya ƙarewa.
Ta ina ma za a sa wuƙa?"

Sai muryarta, iska na yayyaga ta:
"Bar masu faɗa, Baba, dubi gefe.
An ja mana igiya, ba a matsawa."

Wani ɗan baƙi ne, fata ta yi masa yawa
kamar rigar da aka ɗinka don baɗi.
Uwar na watsa wa bayanta rairayi.
"Kusan wata guda ba ta cin komai.
Tana ramewa, yana cika.
Rana ɗaya sai ta ja ciki ta shige ruwa.
Iyo kuwa, shi zai koya wa kansa."

Nan hoton ya daskare.

Daminar da Gulbi ya kawo har gindin mangwarori,
kina da shekara bakwai,
uwarki na da wata biyu a ƙasa.
Kika bi yara kika faɗa ruwa,
ni ina gaɓa riƙe da takalmanki,
ina kiran sunan da ba ki ji.
Ban iya ruwa ba.
Har yau ban iya ba.

Mati ya koma rumfarsa.
Na danna, na kai wayar baki,
na daɗe ina aika mata numfashi.
Sannan na ce: "Na gani.
Iskar nan ta yi yawa, ki rufe kunne.
Akuyarki ta haifi biyu shekaranjiya,
ɗaya bai kama nono ba tukuna,
amma ina nan."