Ƙofofi Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
gajimare ya sauko ya kwanta kan teku.
Tirela ta hau sikeli, maƙare da inabi.
Ximena Aravena ta danna maɓalli,
ta ɗauki kofin shayi, ta kurɓa, ta ajiye,
allo bai ce uffan ba.

Daƙiƙa tara.
Ta sha ƙirga su da farce a kan tebur.
Tara sau tirela ɗari huɗu,
awa guda ke nan kullum tana zirarewa
kamar ruwa a kwando.

Ba sikelin ba ne, ba kuma kwamfutar ce ta tsufa ba.
Yaren da aka rubuta manhajar da shi,
duk sa'ad da aka tashe shi daga barci,
sai ya tattaro kayan aikinsa tukuna:
kundin lissafi, kundin kwanan wata,
kundin da ya iya magana da firinta.
Bai san inda suke kwana ba.
Jerin adireshi aka damƙa masa,
ƙofofi goma sha ɗaya,
yana binsu daga sama zuwa ƙasa,
ɗan aike ne da bai san ratse ba.

Ya yi sallama a ta farko: babu.
Ta biyu: babu.
Ta uku jaka ce da ko gizo-gizo ya ƙaurace mata.
Kayan suna ta goma sha ɗaya, nan gindin tebur,
amma da ya karɓo kundi guda
sai ya koma ƙofar farko neman na biyu,
kamar yau ya fara zuwa garin.
Kundi sittin, sallama ɗari shida
wadda amsarta babu.

Daren Talata, bayan tirelar ƙarshe,
Ximena ta buɗe jerin.
Ƙofar farko ma ba a Valparaíso take ba.
Tana can Santiago, bayan duwatsu,
cikin wata tsohuwar na'ura a ofishin kamfani,
sai tambaya ta yi kilomita ɗari da ɗoriya
kafin ta dawo hannu rabbana.

A saman layin akwai rubutu:
"Na wucin gadi ne, gobe zan cire. Evaristo."
Shekara goma sha biyu ke nan da wannan goben.
Shi ya koya mata karanta sikeli,
shi ke ɓare lemo da makullin mota.
Hunturun bara aka binne shi a kan tudu,
inda ake hango jiragen da ya auna wa kaya.

Yatsanta ya tsaya kan maɓallin gogewa.
Ya daɗe a wurin.
Ba ta goge ba.
Ta ɗauko layin ta kai shi can ƙasa,
ta ɗora ta goma sha ɗaya a sama.
Bari ƙofarsa ta zauna a jerin,
ko da ba mai sake ƙwanƙwasa ta.

Washegari Rigoberto ya hau sikeli,
ya sauke gilashi kamar kullum,
ya buɗe baki zai ci gaba da labarin
'yarsa mai koyon goge a Quillota,
labarin da ya yi wata uku yana yanka mata
daƙiƙa tara-tara.
Kafin ya ce "jiya",
takarda ta fito, sanda ta ɗaga.

Ya dubi takardar, ya dubi Ximena.
Na baya ya yi masa hon.
Ya ja mota.

Shayinta na nan cike,
ba ta sami sararin kurɓa ba.