Maɓalli na Huɗu

Ni na ɗinka kwat ɗin.
Mako bakwai ina taka keke a ɗakina na kan tudu,
a Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku.
Ulu ruwan toka, maɓallan ƙaho guda shida,
da aljihun ciki mai zurfi
inda Baldomero, ɗan sandan ciki na zamanin kakanni,
zai ɓoye wasiƙar da ya kasa miƙawa.

Labarin bai fi cikin cokali ba.
An sace agogon ofishin kwastan,
sawu ya nufi rumfar wata bazawara mai sayar da kifi,
shi kuwa gogan, maimakon ya zo da ankwa,
kullum sai ya dawo da sabuwar tambaya,
ya tafi da kifin da ba ya ci.

Ran Juma'a jaridu suka fito.
Na babban birni ya ba mu tauraro biyu,
kamar mai ba da bashi da hannun hagu:
wai tun kafin kujerarsa ta yi ɗumi ya gane ɓarawon.
Wata a rediyo ta ce rabonta da dariya irin wannan
tun kafin ta yi aure.
Wani ya ce zuma ta yi wa kunun yawa.
Malamin tarihi, Casimiro Urrutia, ya rubuto shafi guda cur:
taragon da ya gifta bayan bazawarar
sai bayan shekara biyar aka kawo shi,
kuma kwat na lokacin maɓalli huɗu gare shi.

Huɗu!
Ga hoton ubana nan a bango, a bakin tashar jirage.
Zo ka ƙirga, Malam.

Ran Talata na gangara da ƙafa, gwiwa tana tsaki,
na sayi tikiti kamar kowa.
Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin.
Ɗaya ya yi barci tun ana rubutun farko.
Saurayi da budurwa sun fice a tsakiya,
ita tana waiwaye.
A gabana wani tsohon ɗan dako, Nicanor,
ya yi ta ƙyaƙyatawa har tari ya sarƙe shi,
sai kuma ya yi tsit,
hularsa a kan fuska.

Daidai nan ne maɓalli ya tsinke.
Baldomero na cikin karanto mata laifinta,
na huɗu ya faɗo, ya gangara ƙarƙashin kwandon kifi.
Ta ɗauko, ta zaro allura daga gashinta,
ta ce, “Tsaya cak, ranka ya daɗe.”
Ya tsaya. Wanda ya zo kamu an kama shi da zare.

A kan wannan ma ba su shirya ba.
Mai tauraro biyu ya ce nan kaɗai fim ɗin ya yi numfashi.
Na zuma ya ce nan ne ya shaƙe.
Dukansu sun ce dabarar darakta ce.

Ba ta cikin takardar kowa.
Daren da na kafa shi an ɗauke wuta,
idona ya gaji, na yi masa ɗauri ɗaya maimakon uku,
na ce gobe.
Goben ta zo da motar ɗaukar kaya.

Ban gaya wa kowa ba, sai kyanwata.

Jiya suka maido mini kwat ɗin a leda.
Biyar nawa ne, a jere kamar sojoji.
Na huɗu a karkace yake, da jan zare,
ɗinkin wadda ba ta taɓa riƙe allura ba.
Na ɗauki almakashi.
Na daɗe a tsaye, jirgi yana kuka a ƙasa.
Na mayar da shi aljihu,
na ɗora ruwan shayi.