Takarda Ta Ce Lafiyata Ƙalau

Sau huɗu aka ɗebi jinina a asibitin Gombe,
sau biyu aka shafa min mai aka ɗauki hoton ciki,
sau ɗaya aka zura min roba ta maƙogwaro
har hawaye ya gangara cikin kunnena.
Likita ta gyara tabarau, ta juya takarda:
“Malam Bappayo, ba olsa, ba tsutsa, ba ƙari.
Komai lafiya ƙalau.”
Na yi godiya, na fito.
A bakin ƙofa cikin ya murɗa
kamar ɗan wanki na matse bargo.

Shekara sha ɗaya ina jan mota, Gombe zuwa Bauchi.
Direbobi sun haddace ramukan hanya,
ni na haddace wuraren tsuguno:
wani a Bara, marar ƙofa,
wani a Alkaleri, naira hamsin har da buta,
sai wata kuka kafin gadar Dindima
da ta rufa min asiri fiye da ɗan'uwa.
Fasinja su yi tsaki: “Direba, kuma?”
In ce taya nake dubawa.

A Wunti masa na tashi daga tanda,
ana zuba miya, ana barbaɗa ƙuli.
Manu yaron motata ya lashe goma, ya tanɗe yatsa.
Ni ruwan ɗumi, da rabin burodi,
da lissafi.

Na bar wake. Na bar nono. Na bar yaji.
Na sha jar kanwa, na sha jiƙon sabara,
na sha wata kwalba da mai lasifika ya rantse a kanta.
Daga nan na bar ɗaurin aure.
Na bar majalisar ƙofar Yerima,
na koma sahun baya, kusa da takalma,
ina sake alwala, ina sake shakka.

Zulai ta daina tambayar me za a dafa.
Kwano ya zo, kwano ya koma,
tana kallon murfin, ba ta kallona.
Ƙarfe ukun dare ina zaune a tabarma,
ciki na ƙugi, gari shiru,
ba abin da nake so, ko wayewar gari.
’Yata ta kawo zanen mota da ta yi a makaranta.
Na san ya kamata in yi murmushi.
Na laluba, ban same shi ba.

Mutane sun ce raki ne.
Wasu sun ce sammu, wasu sun ce in ƙara tawakkali.
Wanda ya ce farin ciki, ya ce baƙin ciki,
ya san inda abin yake kwana.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar Laraba na koma da takarduna a leda.
Wannan karon ba ta buɗe su ba.
Ta ajiye biro, ta ce:
“Yaya barci?
Yaushe rabonka da dariya?”

Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi.
Sai maƙogwaron da ya haɗiye roba bai yi gardama ba
ya kasa haɗiye wannan.

Ta tura min kujera kusa.
A waje Manu yana ta danna oda,
mota ta cika tun ɗazu.
Na ce su jira.