Rishon Inna Tabawa

Ƙarfe biyun dare, Ruba ta yi tsit,
sanyi ya hauro daga fadama kamar mai bin bashi.
'Yan tsaki ɗari da hamsin a ɗakin baya
sun dunƙule a kusurwa, wani kan wani,
kukansu siriri ya tashe ni:
risho ya mutu, babu wuta.

Na Inna Tabawa ne, ya girmi aurena.
Koren fentinsa ya koma launin ƙasa,
ƙafarsa guda guntun bulo ce.
Shi ya dama kunun jegona sau uku,
yau da nake roƙonsa, ya ce zai huta.

Na ƙyasta ashana, ya ce fuf, ya yi shiru.
Na sake, ya watso min hayaƙi mai yaji.
Saura tsinke bakwai a kwali,
ga kuɗin adashen mutane
yana rawar ɗari a kan buntun shinkafa,
ko wace tsakuwa da bashi a kanta.

"Ɗanliti, tashi, riƙe min tocila."
Na jijjiga shi kusa da kunne,
kananzir ya amsa, ba yunwa ba ce.
Na ɗaga rariyar waje, na zare ta ciki,
kunkunniya ta toshe hujojin duka.
Da tsinken tsintsiya na bi su ɗaya-ɗaya
ina hurawa, baƙi na zuba a cinyata.

Lagwani goma: uku sun nutse,
bakwai sun ƙone, sun yi tauri kamar ƙaho.
Na sa reza na yi musu aski.
Na murɗa makunni, tsatsa ta ce ba ta san zancen ba.
Ɗigon man gyaɗa biyu, na jira,
na lallaɓa, ta saki, ta daidaita.

Tsinke na uku. Ya kama!
Sai tas, tas, tas, kamar gishiri a garwashi,
ya yi tofi, ya sake mutuwa.
Na ɗaga hannu zan kai masa mari,
sai muryar Inna ta riƙe min gwiwar hannu:
"Kayan aiki ba jaki ba ne, Hansai.
Tambaye shi inda ke masa ciwo."
Allah Ya jiƙan ki, ban manta.

Na juye cikinsa a kwalbar lemo,
Ɗanliti ya haska ta baya.
Ga shi nan kwance a gindi, yatsa biyu:
ruwa.
Kai, Barau mai kananzir!
Ranar kasuwar Bulangu tana zuwa,
za mu gana, ni da kai da wannan kwalbar,
ka faɗa min rijiyar da ka ɗebo ta.

Na tsiyaye na sama a hankali,
na zubar da na ƙasa a bakin rariya.
Lagwanin sun sha ruwa, ba su da sauran amfani.
Na yagi gefen tsohon zanena na saƙi,
na murza a cinya, goma cif,
na zura su da allurar ɗinkin buhu.
Tsaki shida da suka daina kuka
na cusa su a rigata, jikin fata.

Tsinke na biyar.
Ja tukuna, sai rawaya,
na mai da rariya, na riƙe numfashi,
sai shuɗi ya zagayo kamar zoben azurfa.
Ɗanliti ya yi dariya da hanci mai yoyo,
ya miƙa tafukansa ga wuta.

Kafin ladan ya gyara murya
dunƙulen kusurwa ya fara warwarewa,
wannan ya nufi ruwa, wancan ya miƙe ƙafa.
Cikin shidan, huɗu suka motsa.
Biyun na naɗe su a ganyen masara.
Tsinke biyu suka rage a kwali,
na ɗora su a kan taga, inda raɓa ba ta kai,
na jingina da bango, ban kwanta ba,
ina sauraron tsohon yana numfashi,
ni da ƙaurin kananzir a yatsuna
da ƙamshin ɗakin mahaifiyata.