Zabibi a Shanya

Kwana bakwai inabi ke so a rana
kafin ya yarda ya zama zabibi.
Litinin muka shanya a Alashehir,
layi-layi a kan leda, har ƙasa ta ɓace.
Yau Laraba, da sauran ruwa a cikinsa.

Babana Rustem bai iya latsa waya ba.
Ni ce idonsa. Bayan isha'i
yakan jawo kujera, shayi na huci a ɗan gilashi,
ya ce, "To, Nurhayat, me injinan suka ce?"

Na Turai ya ce Asabar da ruwa,
milimita goma sha ɗaya, daga la'asar;
ya shafe kwarinmu da shuɗi kamar shuni ya kife.
Na Amurka ya ce ƙarya ne,
hadarin zai bi teku ya juye a Izmir,
mu ko yayyafi ba za mu sansana ba.
Na Jamus ba ya son rigima:
ɗigo biyu ya ɗiga a kan duwatsu,
ya kama bakinsa.

"Sama ɗaya," in ji Baba, "baki uku."
Na ce duk iskar yau suka auna,
kowa dai da yadda yake lissafa gobe,
kuma kuskuren da bai kai ƙwayar alkama ba yau,
kafin Asabar ya cika buhu.

In mun kwashe, ɗanye ne, fumfuna na jira.
Dillali Zekai zai murza shi da yatsa,
ya karya farashi yana mana jaje.
In mun bari ruwa ya taɓa shi,
ya kumbura, ya yi baƙi, shekara ta tafi
da kuɗin taki, da ladan masu tsinka,
da haƙoran Inna da aka ce sai an sayar.

Alhamis suka yi musayar riga.
Wanda ya rantse da rana ya jawo ruwa kusa,
wanda ya ce ruwa ya tura shi Lahadi.
Na buɗe shafin da ake sakin lissafi hamsin lokaci guda,
zare hamsin, a haɗe yau da gobe,
daga jibi kowa ya kama gabansa
kamar taliya ta zube daga tukunya.
Na ƙirga: talatin da ɗaya a jiƙe.
Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,
"Mu a wane zaren muke zaune?"

Ban amsa ba.
Ya fita da tocila, wai zai duba tururuwa.

Juma'a muka raba gardama da cebur.
Rabin da ya fi bushewa ya shiga buhu,
rabi muka bar wa rana,
tamfol a naɗe a bakin kowane layi,
dutse a kan kowace kusurwa.

Asabar, la'asar sakaliya,
iska ta juya ganyen inabi ciki waje.
Hadari ya gangaro, baƙi wuluk,
ya tsaya a hayin titi
ya sauke kayansa a gonar Hanife,
gwauruwar da shanyarta ba ta kai kwana uku ba.
Mu, ɗigo bakwai na ƙirga a fuskar waya.
A taswira, gonarmu da tata ɗigo ɗaya ne;
babu injin da ya ga titin da ke tsakani.

Da gudu muka ɗauki tamfol ɗinmu muka haye.
Abin da ya rufu, ya rufu.

Da dare Baba ya jawo kujera,
wandonsa har yanzu da taɓon gonar Hanife.
Ya kurɓi shayi, ya dubi sama,
ya dube ni.
"Talata fa? Me suka ce?"